Bindigar Jackson da Takobin Lincoln

Da sanyin safiyar ranar 30 ga Mayu, 1806, mutum biyu suka tsaya suna fuskantar juna a wani fili kusa da bakin kogi a jihar Kentucky ta Amurka. Taku takwas ne tsakaninsu, ƙafa 24 ke nan, kowanne riƙe da bindigar hannu, bakinta yana kallon ƙasa. Ɗaya shi ne Charles Dickinson, matashin lauya da bai kai shekara 30 ba, wanda duk jihar Tennessee ta shaida cewa in ya saita abu da bindiga ba ya kuskure. Ɗayan kuwa Andrew Jackson ne, ɗan shekara 39, dogo, siriri, tsohon alƙali, janar na sojojin sa-kai na jihar, mutumin da kowa ya sani da saurin hawa dokin zuciya.

Abin da ya kawo su wurin bai taka kara ya karya ba. Sukuwa aka shirya tsakanin dokin Jackson da na Joseph Erwin, surukin Dickinson. Dokin Erwin ya yi ɗingishi, aka fasa, sai gardama ta tashi kan yadda za a biya tarar dala 800. Magulmata suka shiga tsakani, kowa ya ɗauki magana sai ya ƙara mata gishiri kafin ya sauke. Ga kuma tsohon miki. An taɓa kai wa Jackson labarin cewa Dickinson ya saki baki a kan matarsa Rachel, wadda ta aure shi tana zaton aurenta na fari ya mutu, ashe kotu ba ta gama raba shi ba, har sai da suka sake ɗaura aure a 1794. Duk wanda ya tayar da wannan zance ya fama wa Jackson gyambo. Daga ƙarshe Dickinson ya buga a jaridar Nashville cewa Jackson matsoraci ne marar amfani. A wancan zamani, a wancan yanki, idan aka kira mai daraja matsoraci a bainar jama'a, abu ɗaya ake jira daga gare shi, ya aika da takardar gayyata zuwa fito-na-fito. Dokar Tennessee ta hana hakan, don haka suka ɗaura sirdi suka tsallaka iyaka.

Jackson ya san in rige-rigen harbi za a yi, ba zai riga Dickinson ba. Sai shi da amininsa Thomas Overton, wanda ya tsaya masa a matsayin wakili, suka yanke shawara a hanya: ya bari a fara harbinsa, in da sauran shan ruwa a gaba, sai ya saita nasa a tsanake. Ya sa wata riga mai faɗi wadda ta ɓoye ramar jikinsa.

Overton ya ba da umarni. Kafin ƙiftawar ido Dickinson ya ɗaga hannu ya harba. Waɗanda ke wurin suka ga ƙura ta tashi daga ƙirjin rigar Jackson, suka ga ya dafe wurin da hannun hagu, ya cije haƙora. Amma bai faɗi ba. Dickinson ya ja da baya a firgice, yana tambaya ko kuskure ya yi. Overton ya daka masa tsawa ya koma kan layinsa, domin ƙa'ida ta ce wanda ya harba dole ya tsaya ya karɓi nasa. Ya koma, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya kau da kai. Ashe bai yi kuskure ba. Harsashin ya karya haƙarƙarin Jackson, ya shige ya tsaya dab da zuciya. Faɗin rigar ne ya sa saitin ya ɗan goce.

A nan labarin yake. Mutuncin da Jackson ya zo nema ya riga ya samu, domin babu mahaluƙin da zai sake kiran mutumin da ya tsaya aka harbe shi a ƙirji matsoraci. A gabansa ga saurayi tsaye, bindigarsa ba harsashi, ba gudu ba kariya. Al'adar irin wannan karo ta yarda mutum ya ɗaga bindiga ya harba sama, a tashi kowa da ransa, wasu ma sun sha yin haka. Jackson ya ɗaga hannu a hankali, ya saita, ya ja kunama. Sai kunamar ta maƙale a rabin hanya, bindiga ta ƙi tashi. Dama ta biyu ke nan ta zo masa har hannu, lokacin da zai ja numfashi ya tambayi kansa ko dala 800 da zagin jarida sun kai ran ɗan Adam. Ya sake ɗana bindigar, ya sake saiti, ya harbi Dickinson a ciki.

Suna barin filin aka lura takalmin Jackson ya cika da jini. Ya ɓoye raunin da gangan, don kada Dickinson ya mutu da jin daɗin cewa ya same shi. Dickinson ya wuni cikin azaba, da dare ya cika, ya bar matashiyar matarsa a gida. Mutane da yawa a Nashville suka ce wannan kisan gilla ne, suka riƙa kauce wa Jackson na wani lokaci. Harsashin kuwa likitoci ba su iya ciro shi ba. Ya yi shekara 39 yana yawo da shi a ƙirji, yana fama da ciwo da tarin jini, har ya mutu a 1845.

Wanda zai yi wa Jackson adalci sai ya dubi inda ya fito. An haife shi a 1767, makonni kaɗan bayan rasuwar mahaifinsa. A lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka sojojin Ingila suka kama shi yana yaro, wani hafsa ya ce ya goge masa takalmi, ya ƙi, hafsan ya sare shi da takobi, ya bar masa tabo a hannu da ka. Yayyensa biyu suka mutu a sanadin yaƙin, mahaifiyarsa ta kamu da cuta wajen jinyar fursunoni, ita ma ta bi su. Yana ɗan shekara 14 ya zama ba uwa, ba uba, ba ɗan'uwa. Duniya ta koya masa cewa wanda ya sunkuya za a taka shi, ya kuwa riƙe wannan karatu da hannu biyu. Karatun da bai samu mai koya masa ba shi ne lokacin da ake sauke hannu.

Taurin nan ya kai shi nesa. Ranar 8 ga Janairu, 1815, ya tare rundunar Ingila a New Orleans, suka yi asarar mutum wajen 2,000 tsakanin matattu da masu rauni da kamammu, nasa ɓangaren kuwa ba su kai 100 ba. Dama tun kafin nan sojojinsa sun yi masa laƙabi da sunan wata bishiya mai taurin ice. A 1829 ya hau kujerar shugaban ƙasa, ya yi shekara takwas. Ranar 30 ga Janairu, 1835, wani mai suna Richard Lawrence ya tare shi a ƙofar majalisa da bindiga biyu, dukansu suka ƙi tashi, tsoho ɗan shekara 67 ya yi kansa da sanda sai da aka riƙe shi. Irin waɗannan labarai ne Amurkawa ke bayarwa har yau in ana zancen shugabanni mazaje.

Sai dai hannun da bai iya tsayawa a kan mutum ɗaya ba, da ya sami mulki bai tsaya a kan dubbai ba. Ranar 28 ga Mayu, 1830, Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun asalin ƙasar daga gonakinsu na kudu maso gabas zuwa hayin kogin Misisipi. Daga cikinsu akwai ƙabilar Cheroki, waɗanda mayaƙansu suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutarsa a Horseshoe Bend a 1814. Suna da jaridarsu, da makarantunsu, da rubutaccen tsarin mulki. Ba su ɗauki makami ba, kotu suka tafi. A 1832 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokokin jihar Georgia ba su da hurumi a ƙasarsu. Jackson bai motsa don tabbatar da hukuncin ba. Aka sami wasu tsiraru suka sa hannu a yarjejeniya a 1835, a 1838 kuma, a zamanin magajinsa Martin Van Buren, sojoji suka tasa ƙeyar mutum wajen 16,000 zuwa inda jihar Oklahoma take a yau. An ƙiyasta cewa kusan 4,000 suka mutu a sansanonin tsarewa da kan hanya, saboda sanyi da yunwa da cuta, galibinsu yara da tsofaffi. Har yau ana kiran tafiyar Tafarkin Hawaye.

Shekara uku bayan harbin Dickinson, a wannan jiha ta Kentucky, aka haifi wani yaro a ɗakin katako, sunansa Abraham Lincoln. Ya tashi da gatari a hannu, yana faskare da aikin gona, ya girma ya kai ƙafa 6 da inci 4, ga dogayen hannuwa. A 1831 ya zama yaron shago a ƙauyen New Salem na jihar Illinois. Maigidansa Denton Offutt ya riƙa cika baki cewa babu wanda zai ka da yaronsa a kokawa. Zancen ya kai kunnen Jack Armstrong, jagoran wasu samari 'yan ta-kife da ake shakka a yankin. Aka buga da'ira, aka kama, aka daɗe ana murzawa, aka tashi da abota wadda ta zarce har mutuwa. Bayan rasuwar Jack, da aka yi wa ɗansa shari'ar kisan kai a 1858, Lincoln ne ya tsaya masa a kotu har aka wanke shi, bai karɓi ko sisi ba.

A 1832 yaƙi ya ɓarke da mutanen wani jagoran 'yan asalin ƙasar mai suna Black Hawk. Samarin yankin suka shiga sojan sa-kai, suka zaɓi Lincoln kyaftin. Wata rana sai ga wani tsoho ɗan asalin ƙasar ya faɗo sansaninsu, a gajiye, ba makami, yana miƙa takardar shaida daga Janar Lewis Cass cewa shi mutumin zaman lafiya ne. Sojoji suka taso masa, suna cewa ɗan leƙen asiri ne, ai dama kashe irinsu suka fito yi. Lincoln yana da dalilin da zai kau da kai, domin wani ɗan asalin ƙasar ne ya harbe kakansa a gona a 1786, a gaban 'ya'yansa. Amma sai ya shiga tsakanin bindigogi da tsohon, ya ce ba mai taɓa shi. Wani daga cikin taron ya ce wannan tsoro ne. Lincoln ya amsa cewa duk mai ganin shi matsoraci ne ya fito ya gwada. Ba wanda ya fito. Tsoho ya wuce da ransa.

Kada a ɗauka Lincoln ya tashi ba aibi. Aibinsa a harshe yake. Ya iya ba'a mai zafi, yana kuma jin daɗin ganin an yi wa abokin hamayya dariya. A 1842 bankin jihar Illinois ya karye, hukuma ta ce ba za ta karɓi takardun kuɗin bankin a matsayin haraji ba, talakawa suka shiga uku. Mai binciken kuɗi na jihar, James Shields, haifaffen ƙasar Ireland, yana cikin waɗanda suka fitar da sanarwar, kuma ɗan jam'iyyar da Lincoln ke adawa da ita ne. Sai Lincoln ya rubuta wasiƙa a jaridar garin Springfield da sunan wata mata 'yar ƙauye wai ita Rebecca. Bai tsaya kan batun haraji ba, ya kira Shields maƙaryaci kuma wawa, ya mai da shi abin dariya a gaban mata. Budurwarsa Mary Todd da wata ƙawarta suka ɗora nasu a kai. Magana zarar bunu ce. Shields ya je wurin editan ya nemi sunan marubucin, Lincoln ya ce a ba da nasa shi kaɗai, don kada sunan 'yan matan ya fito. Takardar fito-na-fito ta iso.

Ƙa'ida ta ba wanda aka gayyata zaɓin makami. Lincoln ya san Shields ya iya bindiga, don haka ya zaɓi manyan takubban sojan doki, ya ce a kafa katako a tsakani wanda ba mai tsallake shi. Da wannan sharaɗi mai dogon hannu ke da rinjaye, Shields kuwa bai kai shi tsawo ba ko kusa. Ranar 22 ga Satumba suka haye kogin Misisipi daga garin Alton zuwa ɓangaren Missouri, jama'a suka yi cincirindo a gaɓa suna jiran gawa. Ana cikin shiri sai Lincoln ya zare takobinsa, ya shafa kaifin da yatsa, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu ya sare wani reshe da ke can sama da kan kowa. Duk wanda ke wurin ya gane abin da hannun nan zai iya yi wa wuyan mutum. Yanzu Shields ne a matsayin da Dickinson ya tsaya, ransa a hannun wani. Abokan arziki suka shiga tsakani, Lincoln kuwa bai yi taurin kai ba. Ya amsa a fili cewa shi ya rubuta wasiƙar, don siyasa ya yi, ba da nufin ɓata mutuncin Shields ba. Aka mai da takubba kube, suka haye kogi suka koma gida tare. Daga baya ya gaya wa wani abokinsa cewa bai taɓa nufin kashe Shields ba, ya zaɓi takobi ne don ya tabbata zai iya ƙwace makamin daga hannunsa.

Wani da ya fita daga irin wannan wuri da rinjaye, da ya mai da labarin kirari. Lincoln kunya ya ji. Ya gane cewa alƙalaminsa ne ya kusa zubar da jini, sai ya janye hannu daga rubutun cin mutunci a ɓoye. Shekaru da yawa bayan haka, yana shugaban ƙasa, wani hafsa ya tambaye shi ko gaskiya ne ya taɓa fita fito-na-fito. Ya ce bai musa ba, amma in hafsan yana son abotarsu ta ɗore kada ya sake tayar da zancen. A 1863 ya yi wa wani matashin kyaftin mai yawan rigima nasiha cewa gara mutum ya kauce wa kare hanya da ya tsaya jayayya har ya cije shi, domin ko an kashe karen cizon bai warke ba.

Da ya hau mulki a 1861 ƙasar tana tsagewa biyu, Arewa da Kudu, kan batun bauta, har yaƙi ya ɓarke, sai amfanin wannan karatu ya bayyana. James Shields, wanda ya so ganin jininsa, ya naɗa shi birgediya janar a rundunar Arewa. Akwai kuma wani babban lauya, Edwin Stanton, wanda a 1855 aka haɗa su aikin wata shari'a a birnin Cincinnati. Stanton ya dubi wannan dogon ɗan ƙauye ya raina shi, aka mai da shi saniyar ware, ko takardun da ya sha wahalar shiryawa ba a buɗe ba. Lincoln ya haɗiye, ya zauna a kotun har mako guda yana sauraro yana koyo. A Janairun 1862, da yake neman wanda zai riƙe ma'aikatar yaƙi, ya duba ya ga babu wanda ya kai Stanton iya aiki da ƙin cin hanci, sai ya ba shi kujerar. Babba juji ne, in ji Hausawa. Stanton ya zama ɗaya daga cikin mafiya amana gare shi.

A farkon Yulin 1863 rundunar Arewa ƙarƙashin Janar George Meade ta karya rundunar Kudu ta Janar Robert Lee a Gettysburg, bayan kwana uku ana gwabzawa. Lee ya ja da baya, ya tarar kogin Potomac ya cika ya batse, ba halin tsallakawa. Lincoln ya ga ƙarshen yaƙi a tafin hannu. Meade ya yi jinkiri, ruwa ya janye, Lee ya haye. Ran shugaban ya ɓaci ƙwarai. Ranar 14 ga wata ya zauna ya rubuta wa Meade wasiƙa mai zafi, ya ce masa dama ta zinariya ta kuɓuce, yaƙi kuma zai ƙara tsawo ba iyaka. Da ya gama, ya ninke ta, ya sa a ambulan, ya rubuta a bayanta cewa ba a sa hannu ba, ba a kuma aika ba. Ya san mutumin da zai karanta ta kwanakinsa kaɗan da karɓar rundunar, ya ga dubban yaransa kwance a fili, kuma ƙasa tana bukatarsa gobe. Fushin ya tsaya a kan takarda, Meade ya ci gaba da aikinsa har ƙarshen yaƙi.

Wannan haƙuri bai hana shi tsayuwa ba. Shekara huɗu ana matsa masa ya sasanta da masu ɓallewa, ya ƙi. Ranar 1 ga Janairu, 1863, ya sa hannu a shelar 'yanta bayi a jihohin tawaye, ya kuma tsaya kai da fata har majalisa ta amince da gyaran tsarin mulki da ya haramta bauta, abin da ya shafi mutum kusan miliyan 4. Yaƙin ya ci rayuka fiye da 600,000, nauyinsu yana wuyansa. Hannunsa ma bai fita fes ba game da 'yan asalin ƙasar. A 1862, bayan tawayen ƙabilar Dakota a Minnesota, kotun soja ta yanke wa mutum 303 hukuncin rataya, wasu shari'arsu ba ta wuce 'yan mintoci ba. Jama'ar jihar suna ihun a rataye su duka. Lincoln ya sa aka kawo masa takardun, aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ya hana kashe fiye da 260. An rataye 38 a garin Mankato ranar 26 ga Disamba, kuma wannan tabo ne da Dakota ba su manta ba. Amma da wani ɗan siyasar jihar ya ce masa da ya rataye fiye da haka da ya ƙara samun ƙuri'a, ya amsa cewa ba zai rataye mutane don neman ƙuri'a ba.

Da nasara ta zo a Afrilun 1865, mutanen Arewa da yawa suna jiran ramuwa. Umarnin da Lincoln ya ba janar-janar ɗinsa shi ne a sassauta. Ranar 9 ga wata Lee ya miƙa wuya ga Janar Ulysses Grant a Appomattox, aka ba sojojinsa abinci, aka bar masu dawakai su tafi da su don noman bana, kowa ya kama hanyar gida. Kwana biyar bayan haka wani mai suna John Wilkes Booth ya lallaɓo ta baya a gidan wasan kwaikwayo ya harbi Lincoln a ka, washegari ya cika. Stanton, wanda ya raina shi a Cincinnati, yana tsaye a bakin gadon yana hawaye.

Mutane suna son labarin shugaba mai taurin fata. Shi ya sa ba a gajiya da ba da labarin Theodore Roosevelt, tsohon shugaban da wani mai suna John Schrank ya harba a birnin Milwaukee ranar 14 ga Oktoba, 1912, yana yawon neman ƙuri'a. Harsashin ya ratsa gidan tabaransa na ƙarfe da takardun jawabinsa da ke ninke a aljihu, ya shiga ƙirji, amma ya hau mumbari ya yi jawabi fiye da awa guda da jini a rigarsa. Wannan kowa ya haddace. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya yi a mintin farko. Jama'a sun yi kan maharbin za su yayyaga shi, Roosevelt ya ɗaga murya ya ce kada a taɓa shi, ya sa aka miƙa shi ga 'yan sanda lafiya. Tsayuwa da harsashi a ƙirji shi da Jackson sun yi tarayya a cikinta. A abin da suka yi wa maharbin ne hanyarsu ta rabu.

Darasin a fili yake. Jackson da Lincoln duka sun taso cikin talauci, duka ba su san gudu ba. Kowannensu ya kai matsayin da abokin gabarsa ke tsaye a gabansa ba kariya. Ɗaya ya sake ɗana bindiga, ɗaya ya mai da takobi kube, kuma abin da kowanne ya yi a wannan ƙaramin fili shi ya maimaita da aka damƙa masa ƙasa. Jure ciwo baiwa ce, amma ana samunta wurin azzalumi kamar yadda ake samunta wurin adali, don haka ba ta isa ma'aunin shugaba ba. Ma'aunin shi ne abin da mutum yake yi a lokacin da ransa ya ɓaci, ƙarfi yana hannunsa, kuma babu mai iya hana shi. Tun muna yara malamai ke karantar da mu cewa mallakar kai a lokacin fushi ta fi ƙarfin ka da ƙato a fagen kokawa. Lincoln ya iya duka biyun, ya kuma san wanda ya fi wuya.

Saboda haka iyaye su lura da irin kirarin da suke yi wa 'ya'yansu maza. Yaron da kullum ake yaba masa don ya rama, ba a taɓa yaba masa don ya yafe ba, ana gina masa rabin mazantaka ne, kuma rabin da ya fi haɗari. A koya masa tsayuwa, a koya masa kare na ƙasa da shi ko da abokansa ne za su kira shi matsoraci, a kuma koya masa cewa "na yi kuskure" ba ta rage namiji da komai. Mu kuma manya, duk lokacin da mai neman shugabanci ya zo yana buga ƙirji cewa shi ba ya tsoron kowa, ba ya ja da baya, mu bincika tarihinsa kafin mu tafa. Mu tambaya wa ya taɓa faɗowa hannunsa, kuma yaya suka ƙare. Wanda bai iya sauke hannu a kan mutum ɗaya ba, kada a damƙa masa wuyan al'umma.